Ranar da Kaka Tsaye ta Kwanta

Duk layin babu wanda ya taɓa ganin tsohuwar telar nan a zaune, in ba a kan keken ɗinki ba, can ma ƙafarta ba ta hutawa. A tsaye take cin abinci, a tsaye take gaisawa da baƙi, shi ya sa yara suka laƙaba mata Kaka Tsaye. Da idonta ya fara gajiya da ƙananan ɗinki sai ta koma haɗa kayan wasa na bikin yara. Kwalin takalmi ya zama jakar likita, guntun tiyo da murfin kwalba su zama abin sauraron ƙirji, mataccen biro ya zama allura. Surukarta har ɓoye mata kwandon shara take yi.

Ana nan sai damuwa ta shigo gida. Jikarta 'Yar Mitsila, mai shekara biyar, za a yi mata aiki a cibiya, ita kuwa ko farar riga ta hango sai ta tsandara ihu. Zuwansu asibiti na ƙarshe ta ciji nas, aka ɗage aikin. Likita ya ce in aka ƙara ɗagewa, abin na iya rikicewa.

Hankalin tsohuwa ya tashi. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta manta abin da ya kai ta.

"Ka bar ni da ita," ta ce wa ɗanta. "Ranar haihuwarta ta matso. Asibiti zan buɗe mata a falo, ta yi ta wasa har tsoron ya fita."

Ta yanka farin zanin gadonta, ta ɗinka rigunan likita daidai yaran maƙwabta. Matsalar dai ita ce, ba ta iya aikin ganin ido ba. Ta sa kwala, ta sa aljihu da maɓallai, rigunan suka fito tamkar na gaske. Ranar biki ta tare yara tun a ƙofa, ta sa musu, ta turo su falo gaba ɗaya, wai ba-zata.

Ai kuwa an yi ba-zatar. 'Yar Mitsila na ɗaga kai ta ga likitoci sun cika falo, ta watsar da balan-balan, ta shige ƙarƙashin gado. Uwarta ta yi lallashi, ubanta ya miƙa kek, ko motsi.

"Mama, kin gani ko?" in ji ɗan, murya ƙasa-ƙasa.

Kunya da tsoro suka taru suka rufe tsohuwa. Ta zame ta zauna a ƙasa, sannan ta miƙe ɗoɗar a kan kafet. Yara kuwa sun samu mara lafiya, suka yi mata caa da alluran biro da bandeji.

Daga ƙarƙashin gado yarinyar tana hangen falo, kuma tunda aka haife ta ba ta taɓa ganin kakarta a ƙasa ba. Ta fito a guje, tana ture yaran.

"Ku matsa! Kada ku taɓa ta, kakata ce!"

"To wa zai duba ni, ƙawata?" in ji tsohuwa.

Yarinyar ta fizgi rigar da ta rage a kan kujera, ta zura ta a baibai, ta ɗora murfin kwalba a ƙirjin tsohuwa. Ta karkata kai tana sauraro.

Da rigar nan ta tafi asibiti ranar aiki. A bakin ɗakin tiyata ta riƙe hannun nas, ta juyo ta nuna benci.

"Kaka, ba ki da lafiya. Zauna nan, kar ki tashi sai na dawo."

Iyayen yarinyar suka yi ta kai da komo a barandar. Ƙafafun Kaka Tsaye suna ƙaiƙayi, amma ta damƙe gefen bencin da hannu biyu. Likitarta ta ce kar ta tashi.