Takardar da Sale Ya Ɓoye a Hula

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar Sale, taubashina, ɗan goggona. Karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, nan ma don shayin da malamin ke rabawa na je. In kun ga rubutun ya karkace, ku yi haƙuri, mai shi ma a karkace yake.

Tun muna yara a unguwar Magajin Gari nake kiransa bawana, shi ma haka yake kirana. A al'ada taubashi ba ya fushi da taubashi, kome aka faɗa masa sai ya haɗiye. Da wannan damar na cuce shi.

Ranar cika-ciki aka ajiye mana tuwo da kaji. Sale, wanda a da sai an ƙwace akushi a hannunsa, ya yi loma uku ya dafe cibiya. Ya ce watanni ke nan da ya ci abinci sai murɗa, ga rama, bayan gidansa kuma ya koma baƙi. Ya zaro takarda daga hularsa, wai likita ya tura shi Zariya a yi masa hoton ciki. Lokacin kuwa ba a bin hanyar dajin da ke tsakaninmu da Zariya sai da rakiyar jami'an tsaro.

Na tara jama'a da dariya, na ce, "Bawana, kumburin wake ne zai sa ka kai kanka hannun 'yan bindiga? Jiƙa kanwa ka sha, rago."

Ya yi dariya, ya mayar da takardar. Bai sake yi mini kukan ciwo ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, nasa har da bakina ya ɗauka.

Sai bayan damina, da hanjinsa ya toshe yana ta amai, muka kai shi asibitin. Likita ya ce sankarar ƙaramin hanji ce, ba ta cika kama mutane ba, kuma takan ɓuya a rigar gyambon ciki. Ya ce in an gano ta da wuri akan yanke wurin a haɗa sauran, amma tasa ta kai hanta. Ya tambayi dalilin jinkiri. Sale ya dube ni, ya ce hanya ce ba kyau.

Yau motoci na bin hanyar fiye da da. Da zai ga ina tare tsofaffi a ƙofar masallaci ina tambayarsu launin bayan gidansu, da ya ce bawansa ya zama likita ba allo ba alli. Mutum biyu na kora asibiti da gori. Ɗaya tsutsar ciki ce kawai, har yau yana zagina, kuma zagin na yi mini daɗi.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma baki shi ke yanka wuya, kuma nawa ne ya yi magana ran nan. Maiɗakinsa ta ba ni hular bayan arba'in, takardar na ciki. Duk cika-ciki nakan warware ta. Turancin ya fi ƙarfina, sunansa kaɗai nake iya haɗawa. Allah ya jiƙanka, Sale. Ka rufa mini asiri gaban likita, ga shi na tona da hannuna.