Gaisuwar Dakta Rora

Sunansa Dakta Oyewusi Fadairo, amma a sashen fiziks na jami'ar tamu Dakta Rora kowa ke ce masa, don bakinsa ba ya rabuwa da kalmar nan: rora, wato a hankali. Mutum ne jibgege, mai son amala da miyar ewedu, wanda in ya zauna kujera sai ta yi kuka. Kuma shi Allah ya haɗa da aikin da ba ya son ko tari.

Na'urarsa allura gare ta, siririya, mai shawagi a saman abu ba ta taɓa shi, tana zana hoton ƙwayoyin zarra layi bayan layi. Ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai allurar ta caki abin, aiki ya lalace. Saboda haka ya hana takalmi a ɗakin, ya hana dariya, ya taɓa korar shugaban sashe don ya yi atishawa. Matarsa kan ce a gida ma da sanɗa yake zuwa bakin tukunya.

Burinsa ɗaya ne. Masana sun gano cewa in aka ɗora fallen gawayi mai kaurin zarra ɗaya a kan wani, aka ɗan karkata shi, aka sanyaya ƙwarai, lantarki kan ratsa ba tangarɗa. Dakta Rora yana son ganin saƙar da zarrar fallayen biyu ke yi da idonsa, a ɗakinsa. Damina guda ya kwashe kafin ya samu falle mai kyau, ruwan sanyaya na'urar kuma a ranar da ya fara ɗaukar hoton zai ƙare, ba wanda ya san yaushe wani zai zo.

Hoton ya kai rabi aka turo ƙofa. Mahaifinsa ne, Pa Fadairo, tsohon manomin koko daga Ilesha, ya zo ba sanarwa, da agbada da takalminsa a ƙafa.

Dakta ya miƙe a hankali. A al'adarsu ɗa namiji ba ya gaida uba a tsaye, kuma ranƙwasa gwiwa na mata ne, zubewa yake rub da ciki, kuma duk lokacin da Dakta ya zube, ƙasa kan sani. Sai ya ɗan rusuna ya yi raɗa: "Sannunku da zuwa, Baba."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. "Wusi, gwiwa ka ranƙwasa mini? Yaushe ka zama ƙanwarka?"

"Baba, rora, don Allah. Allura ce ke aiki."

"Allura? Na ce wa duk Ilesha ɗana malamin malamai ne, ashe tela na haifa! To tela ma yana da uba. Ko bokon ne ya sa maka katako a baya?"

Da dariya ya yi maganar, amma Dakta ya ga idon tsohon ya canza, abin kuwa ya sosa masa rai. Ya dubi allon na'urar, ya dubi ubansa. Sai ya fara sauka. Gwiwa ɗaya, hannu ɗaya, ya riƙe numfashi, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Da kyar da jiɓin goshi tumbin ya isa ƙasa ba ko ƙis. Ya saci kallon allon: layuka na ta fitowa lafiya lau.

Daɗi ya kama Pa Fadairo. "Yauwa, ɗan albarka!" Ya matso ya ɗaga hannu. "Yadda ka bi ni, Allah ya sa injin nan ya bi ka!" Ya ɗaɗa wa na'urar tafin hannu, irin dukan da ake yi wa buhun koko mai kyau.

Na'urar ta yi tsuwa. Dakta, kuncinsa manne da siminti, ya rufe ido ya ce, "Amin, Baba."

Da ya tashi, tsohon na leƙen allon. Rabin sama ɗige-ɗige ne jere gwanin sha'awa, daga nan wani farin zane ya keta, ƙasa kuma ba komai.

"Waɗannan ƙananan fa?"

"Su ne zarra, Baba."

"Wannan babban kuma?"

Dakta ya ce, "Hannunku ne."

Tsohon ya gyara hula, ya ƙara matsowa. "Kai, Wusi! Ashe har ni na fito. Wanko mini biyu, ɗaya na uwarka."