Ɗan Boko da Zazzaɓin Wata

Bana shekara goma sha biyu ke nan da muka kai wana, Yaya Ilu, makwancinsa a garinmu Boko, can ƙasar Kusada. Kwanakin baya jikokina suka zo suna nuna mini waya, wai an ce ran kaza da ƙarfe kaza wata zai yi zazzaɓi. Abu bai faru ba har an sa masa rana kamar ɗaurin aure. Na yi dariya, amma dariyar ta ƙi ƙarasawa, domin shi ne ya faɗo mini a rai.

Sunan garinmu ne ya ja masa. Zamanin Turawa ne, muna samari, muka tafi Kano cin rani muna dakon buhunan gyaɗa. Muka sauka a Fagge, gidan wani Alhaji dillali. Ranar farko ya tambayi Yaya daga ina yake, shi kuwa ya ce, "Ni ɗan Boko ne." Alhaji bai taɓa jin gari mai wannan suna ba. Ya dubi tsaftar Yaya da natsuwarsa, ya ɗauka ɗan makaranta ne da duniya ta juya wa baya. Nan da nan aka koma kiransa Malam Ilu, har Alhaji ya yi alkawarin in kaka ta zagayo zai ɗora shi a kan sikeli, ya huta da dako.

Yaya bai yi ƙarya ba, amma bai gyara ba, kuma ni ban ga laifinsa ba har yau. Lokacin da yake yaro, da aka zo daga Kankia ana ɗibar yara zuwa elementare, Babanmu ya ɗauke shi ya jefa cikin rumbu ya rufe. Ya wuni a kan dawa yana jin ana kiran sunayen abokansa, alhali duk cikinsu babu mai son tafiya kamarsa. Shi ya sa a Kano ya nemi ajin yaƙi da jahilci a wata unguwa mai nisa, yana zuwa a ɓoye da la'asar. Ya ce mini, "Ƙyale ni, Mamman. Kahin kaka sai na maida sunan nan gaskiya."

Sai dai rana ba ta ƙarya. Wani dare na bazara, bayan isha'i, muna shan iska a saman soro, sai gefen wata ya fara cinyewa. Kafin ka ce me, Kano ta ɗauka. Mu a ƙauye mun saba da turmi biyu ko uku, amma nan gari guda ne ke buga kwano da gwangwani da ganga, daga cikin birni har Fagge, yara na ihu rana ta saki wata, malamai sun tsaya salla. Watan ya rufe duka, ya koma ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Cikin wannan hali Alhaji ya ɗaga murya a tsakar gida, maƙwabta cike. "Ku yi shiru, ga ɗan boko nan! Malam Ilu, faɗa mana, me Turawa suka ce ya kama shi?"

Da ya ga dama ya shirya ko wace magana, babu mai ƙaryata shi. Ya daɗe yana kallon sama, sannan ya ce, "Alhaji, wallahi ban sani ba. Ni Bokon tawa gari ce, kusa da Kusada. Mu can turmi mukan buga har a sake shi."

Mutanen da ke istigfari suka kece da dariya. Daga baya na tambaye shi don me bai rufa wa kansa asiri ba. Ya ce, "Aya ta Allah na bisa kaina, mutane na tuba, ni in buɗe baki in yi ƙarya?"

Alhaji bai kore shi ba, amma sikeli wani aka ba, kuma yaran unguwa suka samu abin tsokana. Kafin ruwan farko ya tattara ya koma gida. Bai sake taka Kano ba, bai sake shiga aji ba, alhali ya riga ya iya rubuta sunansa. Ana cewa gemu ba ya hana ilimi, to shi kunya ce ta hana shi. Wannan ne ke ci mini rai.

Ina tunanin abin da zai ce da zamanin nan, da yaron da bai iya tsarki ba ke faɗa maka lokacin husufi. Na san zai yi tsaki, ya kuma matsa kusa ya ce a sake karanta masa. Tambayar nan ta Alhaji bai taɓa ajiye ta ba. Sai da ya tsufa, idonsa ya tafi, sannan jikarsa Rabi, wadda ke koyarwa a Kankia, ta ba shi amsa. Ta kara tafin hannunsa kusa da fitila har ya ji ɗumi, ta zura ƙwarya tsakani, ɗumin ya ɗauke. Ta ce fitila ce rana, hannunsa wata, ƙwarya kuma duniya.

Ya ce, "Ashe rana ba ta da laihi? Mu muka tare mashi haske, kana muka hito muna buga turmi?" Sannan ya ƙara da cewa, "Allah Shi jiƙan Baba."

Gonarsa an raba, ɗakinsa damina ta rushe. Abin da ya rage shi ne bai taɓa ɓoye ɗa ko ɗiya a rumbu ba, da kansa ya riƙa kai su aji. Yau in jikansa ya ce shi ɗan Boko ne, ta duk fuskar da ka ɗauka gaskiya ya faɗa. Wanda ya fi kowa son sunan ne kaɗai bai samu ba. Allah Ya haskaka kabarinka, Yaya.