Guntun Cibiyar da Na Ɗauko Daga Kebbe

Shekara biyu na yi ina bin ɗakunan haihuwa ina roƙon abin da kowa binnewa yake yi, wato igiyar cibiyar jarirai. A cikinta akwai ƙwayoyin halitta da ba su riga sun zama ƙashi ko tsoka ba, muna ce musu ƙwayoyin asali. Karatuna a Sakkwato a kansu yake. Da an yanke cibiya iskar da jinin uwa ke kai musu ta yanke. Idan aka sanyaya su sai su rage aiki, 'yar iskar da ta saura ta kai su nesa. Idan sanyin ya wuce kima kuma, ruwan cikinsu ya daskare ya farfasa su.

Da kyar nake samun mai ba ni, kuma ban ga laifin matan ba. A wurinmu wanke mabiyiya ake yi, a naɗe ta, a rufe bayan ɗaki cikin mutunci. Na yi bayani har na gaji da jin muryata.

Yayata da ke aure a Kebbe ita ta neme ni da kanta, tana da tsohon ciki. 'Yarta ta fari tana da sikila. Wata sallah bakina ya yi tsawo, na ce a ƙasashen waje ana warkar da sikila da jinin cibiyar ƙane. Gaskiya ne, amma rabi na faɗa. Ban ce sai jinin ya dace ba, ban ce sai babban asibitin da ba mu da hanyarsa ba, ban kuma ce nawa aikin kallo da rubutu ne kawai ba. Daɗi na ji ana kallona kamar likita.

Naƙuda ta ja kwana biyu, ƙanƙarar da na taho da ita ta koma ruwa, ga shi babu wuta. Da hantsi ta haifi namiji. Na yanki guntun cibiya kamar tsawon yatsa, na raba shi a kwalba biyu. Innarmu na tsaye, ranta a ɓace.

"Auta, mi za ki yi da naman ɗan mutane?"

"Inna, bar ta," in ji Yaya daga kwance. "Don ɗiyata nika ba ta."

A nan ya kamata in yi magana. Na sunkuyar da kai ina ɗaure murfi.

Duk da fushinta, Inna ce ta ɗauko ƙaramar tukunyar ƙasa, ta zuba ruwan randa, ta sa kwalaben, ta naɗe da jiƙaƙƙen buhu. Haka na rungume ta bisa babur ɗin kabu-kabu har Tambuwal, kowane rami sai ruwa ya fantsamo mini a zane, bayana kamar ya tsinke. A tasha na sayi ƙanƙara mai tauri, sabuwar fitowa daga firiza. Na raina tukunyar Inna, sai na cire kwalba ɗaya na cusa tsakiyar ƙanƙarar a cikin kula. Ɗayar na bar ta a tukunya, na jefa mata 'yan gutsattsari.

Da na isa Sakkwato, ta cikin kula ta daskare, ba ta ƙara moruwa ba. Ta tukunya na yayyanka na shimfiɗa a faranti. Kullum sai na leƙa madubin ƙara girma, babu komai, har suna ya wuce ban je ba. A rana ta goma sha biyu na ga ƙwayoyi sirara sun fara rarrafowa daga gefen naman. Malamina ya yi murna. Ni kuwa ban yi murna ba, don na san akwai mai jiran labari.

Na koma Kebbe kafin arba'in. Na tarar da yarinyar kwance, ciwon ƙafa ya tashi, Yaya na matsa mata da hannu ɗaya, jariri na ɗayan.

"Sun rayu?"

"Sun rayu, Yaya."

"Alhamdu lillahi. Yaushe za a sa mata?"

Na zauna bakin gado na faɗi sauran rabin, duka. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Hannunta bai bar ƙafar yarinyar ba.

Can ta ce, "To, ki maido man guntun. Inna ta aza dutse inda anka rufe sauran, tac ce ba a cika ramin ba sai ya dawo."

Abin da ya saura na naman tun da ƙwayoyin suka fito aka ƙone shi tare da safar hannu da audugar ɗakin gwaji. Ni da kaina na jefa shi a bokitin.

Na dubi dutsen ta tagar ɗaki, na ce mata to.