Hannun Daman da Mujitaba Ya Dawo Mini da Shi

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025, Allah ya karɓi ran Malam Mujitaba, malamin lissafi a nan Tudun Wada, a haɗarin mota a hanyar Falgore, yana dawowa daga gaishe da mahaifiyarsa a Riruwai. Ya bar matarsa Maijidda da 'yarsu ɗaya, Rumaisa. Ni Balarabe ne, tsohon malamin gona, maƙwabcinsa katanga ɗaya.

Mujitaba, na so in rubuta maka addu'a kawai in yi shiru, amma raina a ɓace yake. A zaman makokinka, tun ƙasar kabarinka ba ta bushe ba, baffanka Alhaji Ghali ya gyara babbar riga ya ce, “Allah dai ya yafe masa cacar nan da yake tara mutane a kai.” Wasu suka amsa da amin. Ya kuma ce a fito da akwatin kayan wasanka a ƙone, wai don a rage maka nauyi. Kafin la'asar maganar ta shiga cikin gida, har Rumaisa ta tambayi uwarta ko da gaske Abbanta ɗan caca ne. Mutumin da bai taɓa zama a tabarmarka ba, bai taɓa tambayarka me kake yi ba, ya hango dayis irin na ludo daga nesa, shi ke nan ya yanke maka hukunci a gaban marainiyarka!

To ni na zauna a tabarmar nan, bari in faɗi abin da ake yi a kanta. Wasan labari ne da ka koyo wurin abokai lokacin kana jami'a, ka mayar da shi namu. Kai ne mai ba da labari. Za ka shimfiɗa kwali mai zanen daji da koguna, kowa ya ɗauki marfin kwalba a matsayin jaruminsa. Ka ce ga dodo ya tare mashaya, ko ga 'yan fashi sun kora shanun gari, me za ku yi? In mutum ya ce zai kai sara, sai ya jefa dayis, lambar da ta fito ta nuna ko ya samu ko ya kuskure. Ba a cin kowa komai. Abin da kawai ke ƙarewa a wurin shi ne gyaɗar da Maijidda ke soya mana.

Bara waccan na gamu da shanyewar ɓarin jiki, kuma ɓarin dama ne ya tafi. Duk Bahaushe ya san abin da wannan ke nufi. Ba na iya miƙa hannu a gaisa, ba na iya kai loma baki sai da hagu, kamar wanda ba a yi wa tarbiyya ba. Na daina fita. A asibiti sun ba ni ƙwallon roba wai in riƙa matsawa, na wurga wa jikokina, na ce ni ba yaro ba ne. Kai ne ka shigo zaurena da kwalinka, tare da Hamman mai sayar da nono a kasuwa, ka ce, “Baba, muna neman jarumi, an rasa mai zuciya.”

Ka ba ni jarumi mai makami biyu, takobi a dama, wuƙa a hagu, ka kuma zayyana mini ƙa'idarsa. Mai makami biyu yana kai sara biyu a zagaye ɗaya, inda sauran ke kai ɗaya. Amma ba shi da garkuwa, don babu hannun riƙe ta, saboda haka duk wanda ya kawo masa duka ya fi saurin samunsa. Makaman dole su zama marasa nauyi, ba a haɗa gatari da mashi. Saran wuƙar hagu rabi ake lissafa shi, na takobin dama ne cikakke. Sannan ka ƙara da cewa kowane hannu shi zai jefa nasa dayis, kuma in dayis ya suɓuce ba jefa shi aka yi ba, jarumi ya yar da makaminsa ke nan.

Na yi faɗa, na ce wannan zalunci ne. Na ce a ba ni garkuwa kamar ta Hamman in laɓe a bayanta. Ka ce, “Baba, garkuwa ta ƙare a kasuwa.” Na ce to a bar ni in jefa duka biyun da hagu. Ka yi dariyar nan taka, ka ce ƙa'ida ƙa'ida ce, ba kai ka yi ta ba. Jarumina ya yar da takobi ya fi a ƙirga, dodanni suka yi ta jibgarsa, Hamman na janyo shi daga fagen fama yana tsokanata wai tsoho ya zo yaƙi da wuƙar yankan albasa. Haushi ya sa na karɓo ƙwallon roban da na raina daga wurin jikokina, na koma ɗaki ina gwada damƙe shi, don kawai in rufe wa Hamman baki. Ranar da yatsuna suka riƙe dayis suka jefa shi da kansu, shida ta fito, takobin ya sare dodon mashaya. Ka tashi tsaye ka miƙo mini hannu, na ba ka dama, muka gaisa.

Sai da na shiga yi wa Maijidda ta'aziyya na ji sauran labarin. Tana kuka ta ce, “Baba, ai babu wannan ƙa'idar ta jefawa da kowane hannu a wasan. Saboda ku ya ƙirƙiro ta. Ya ce in ya ce muku magani ne, ba za ku yarda ba.” Ashe duk faɗan da nake yi maka, kana sane kake shanyewa. Ka san halina, ka bi da ni ta inda zan biyu, kuma ka tafi ba ka bari na gode maka ba.

Wannan shi ne abin da Alhaji Ghali ya kira caca. Ban ce kowa sai ya so wasan ba. Wanda yake ganin ɓata lokaci ne, yana da damar faɗa, kuma da ya faɗa maka kana raye, da ka ba shi amsa cikin ladabi kamar yadda ka saba. Amma a jira sai bakinka ya rufe sannan a liƙa maka sunan da ba naka ba, wannan ba gyara ba ne, cin naman mamaci ne. Masu amsa amin ɗin nan ma na ga fuskokinsu, har da waɗanda ka koyar da 'ya'yansu lissafi a ƙofar gidanka ba gajiya.

Ranar sadakar uku na je gaban Alhaji a cikin jama'a, na miƙa masa hannun dama. Ya karɓa. Na riƙe nasa da ƙarfi har sai da ya ɗago ya dube ni, na ce, “Alhaji, kun san hannun nan ya mutu. Ga abin da cacar ɗanku ta ci.” Akwatin yana ɗakina yanzu da izinin Maijidda, ajiyar Rumaisa ce, kuma wanda zai ƙone shi sai ya fara ɓamɓare yatsun nan daga kansa.

Rumaisa, in kin girma kin karanta wannan, ki sani Abbanki ba ɗan caca ba ne. Da hannun da ya dawo mini da shi na kama makararsa, da shi na zuba masa ƙasa, da shi kuma na rubuta wannan.

Ya Allah ka jiƙan Mujitaba, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka ba shi littafinsa a hannun dama. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarsa Inna Habiba, da Maijidda, da Rumaisa, da ɗalibansa, da baffansa Alhaji Ghali ma, don shi ma ya yi rashi ko da bai san girmansa ba. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu cika da imani. Ga hannuwana biyu na ɗaga maka, Mujitaba. Amin.