Itacen Bara

Denzil Trewin ya yi shekara talatin da huɗu yana raba wasiƙu a ƙauyukan bakin teku na yammacin Cornwall, kuma ba wanda ya taɓa kama shi da ƙarya, ko ta wasa. Gaskiyarsa har gundura take yi. In mace ta tambaye shi ko sabuwar rigarta ta yi kyau, sai ya ja da baya ya ƙare mata kallo tukuna, alhali kowa ya san amsar guda ce.

Ba cikin masu bikin rana aka haife shi ba. Ɗan coci ne, mai waƙa a sahun baya. Matarsa Lowenna ce ta jawo shi. Ita da abokanta sukan taru a gonar ƙawarta Merryn Pascoe ranar da ta fi kowace gajarta a shekara, su kashe fitilu, su kunna babban itacen da suke kira gungumen Yul don rana ta ji ta dawo. Zuwansa na farko jaka kawai ya riƙe mata, yana ta ƙunƙuni kan sanyi. Da suka lura mutum ne da ko kan sarki bai taɓa yarwa ba, sai suka damƙa masa ajiyar itacen.

Ba a barin gungumen ya cinye duka. Ana ciro guntu a kashe a naɗe, da shi za a kunna na baɗi. Mai ajiya shi ke tsayawa gaban jama'a ya ce, "Wannan wuta daga ta bara take, ta bara daga wadda ta gabace ta, ba ta taɓa yankewa ba." Sau talatin da ɗaya Denzil ya faɗi haka, ƙirji a buɗe, Lowenna na tsaye a hagunsa tana zungurinsa wai ya rage murya, ba wa'azi yake ba.

Bara a keken marasa lafiya aka kai ta. Ita da kanta ta nuna guntun da za a ciro, na itacen tuffa, ta naɗe shi da tsohon tawul. Ta rasu a watan Afrilu.

Saura kwana uku bikin bana ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gado inda yake ajiye guntun, ya ga wajen fes, ko ƙura babu. Ya kira 'yarsa Kerensa, wadda ta zo daga Bristol bayan jana'iza ta gyara masa gidan.

"Tawul mai gawayi? Baba, ai na zubar. Na ɗauka shara ce. Wani abu ne?"

"Ba komai," in ji shi. Wannan ce ƙaryarsa ta farko, kuma ta fito da sauƙin da ya ba shi tsoro.

Ya kwana biyu yana juya abin a ransa. Ya je ya ce wa mutum goma sha huɗu wutarsu ta mutu a hannunsa, a shekarar da Lowenna ta mutu? Ranar bikin da hantsi ya ɓalle katako daga shingen bayan gida, ya cusa shi a murhu har ya yi baƙi, ya naɗe da wani tawul. Kunya ta hana shi ko shan shayi.

Ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara sauka. An taru a rumfar gonar, tukunyar ruwan tuffa na tururi, an jera burodi mai nama a kan tebur. Jago, makanikin ƙauyen, ya hango shi tun daga ƙofa.

"Ga limaminmu nan! Tsoho, bana a taƙaita, ƙafafuna sun daskare."

Aka kashe fitilu, aka bar kyandir ɗaya. Denzil ya kwance tawul, ya miƙa wa Merryn guntun ta kunna, kamar kullum. Tsohuwar ta haura saba'in, kuma a cikin itatuwa ta yi rayuwarta. Ta juya shi a hannu, ta kai hanci, ta dube shi. Sannan ta kara shi a kyandir.

"Wannan wuta," in ji Denzil, "daga ta bara…"

Maganar ta maƙale. Ya sake gwadawa, ta ƙi.

"Ba daga ta bara take ba," ya ce a hankali. "Katakon shingena ne. Yau na ƙona shi. Na Lowenna ya ɓace, a hannuna ya ɓace. Ku yafe ni."

Har Jago ya sunkuyar da kai.

"Kai dai, Denzil, ba ka iya komai ba," in ji Merryn. "Katakon shinge! Har warin fenti yake. Matarka da ta yi nata, reshen tuffa ta samo, ta ƙona shi yadda ya kamata."

"Matata ta yi me?"

"Shekarar ambaliya, lokacin kana asibiti ana maka aikin gwiwa. Ruwa ya shiga gidanku ya tafi da guntun. A kicin ɗina ta ƙona wani, muna ta dariya kamar ɓarayin kaji. Na ce mu gaya maka, ta ce a'a, in ka sani ba za ka ƙara iya buɗe baki a nan ba, kuma ita tana son jin ka kana faɗa."

Denzil ya ƙirga a ransa. Shekara goma sha biyar ke nan. Sau goma sha huɗu yana tsayawa yana bugun ƙirji, ita tana gefensa tana kallonsa, ta san komai. Ransa ya ɓaci sosai, irin ɓacin ran da yakan kai su har gida suna musu a mota. Ya juya hagu da sauri.

"Lowenna, ashe ke…"

Ba kowa a wajen, sai kujeru da aka jingine a bango.

Bai yi kuka ranar jana'iza ba, mutane har sun yi ta yaba ƙarfin halinsa. A nan ya yi shi, a tsaye, gaban kowa, kamar yaro. Wutar ba ta dame shi ba kuma. Faɗa ne ya cika masa baki, faɗa mai daɗi wanda a karon farko shi ke da gaskiya, kuma ba wadda zai yi da ita.

Merryn ta bar shi ya yi mai isarsa. Sannan ta sa masa katakon a hannu, bakin katakon na ci da wuta.

"Kunna mana, Denzil. Sanyi muke ji."