Farin Ƙwaro a Aloberar Malam Abdulbaƙi

Duk wanda ya taɓa aiki a kamfaninmu na roba da ke Sharaɗa ya san Malam Abdulbaƙi, don ba a shiga sai ta gabansa. Shi ne maigadi. Mutumin Matamaye ne ta Nijar, dogo, siriri, mai sanyin magana. Amma ka kuskura ka taka masa shuka, ran nan za ka ji muryar da ba ka san yana da ita ba.

Shukar kuwa alobera ce, mai kaurin ganyen nan mai yauƙi a ciki, ya jera ta a gindin katanga cikin bokitan da inji ya lalata. Mu da muke kan injin narka roba mun fi kowa sanin amfaninta. In narkakkiyar roba ta ɗiga maka a hannu, ka sa a ruwan sanyi, kafin ka gama salati ya yanko ganye ya shafa maka. In ƙunar babba ce, da kansa zai kora ka asibiti.

Duk shukokin waɗannan bokitai 'ya'yan shuka ɗaya ne, wadda yake kira uwa. Matarsa Safiyatu ce ta dasa ta a gidan da suke haya a Panshekara. Da ta rasu ya tashi daga gidan, abin da ya ɗauko a keke bai wuce katifa da tukunyar ƙasar da uwar take ciki ba. Ba ya yankar ganyenta don kowa, ko da manaja ne.

Bara sai wani farin abu kamar auduga ya fara fitowa a matsewar ganye. Ni na ɗauka ƙurar buhu ce. Ya danna ɗaya da farce ya nuna mini, ashe ƙwaro ne, zama yake ya tsotse ruwan ganyen har ya yanƙwane. Nan take ya ware bokitan da suka kamu ya kai su can gefe. Ya naɗa auduga a tsinke, ya tsoma a sifirit, ya bi ganye ɗaya bayan ɗaya yana gogewa. In rana ta yi sanyi kuma ya wanke su da ruwan sabulu da jiƙon darbejiya. Na ce masa ya sayo maganin feshi ya huta, ya kalle ni kamar na zage shi. Wai abin da za a shafa wa mutum a ciwo ba a zuba masa guba.

Ƙwaron ya tafi, ya dawo, ya sake tafiya, ya sake dawowa. Sai Malam Abdulbaƙi ya ajiye tsinke, ya koma zama yana kallo, har ya gano daga inda matsalar take. Mutanenmu, Allah ya shirye su, sun ga shayar da shuka sadaka ce, ruwan alwala kuma bai kamata ya tafi a banza ba. Kowa sai ya ɗauko buta ya tsuguna a kan bokiti. Azahar haka, la'asar haka, masu aikin safe su tashi na yamma su ɗora. Masu shan shayi kuma su juye ragowar a ciki. Alobera ba ta son ruwa da yawa, sai ta yi laushi. Sukari ya jawo tururuwa, tururuwa kuwa ita ke kwasar ƙwaron daga bokiti zuwa bokiti, kamar makiyayi da tumakinsa.

To yaya za ka ce wa mutum ya daina neman lada? Da ni ne, da na yi faɗa da rabin kamfanin. Shi kuwa sai ya dasa ayaba da zogale a gefen famfo, ya jera bulo na zama. Bokitan ya ɗora su a benci, ƙafafun bencin ya tsoma su a gwangwanayen ruwa don kada tururuwa ta hau. Umar, direban motar kaya, ya yi mita wai an toshe masa hanyar alheri. Malam Abdulbaƙi ya nuna masa ayaba, ya ce ga mai ƙishirwa nan, ya ba ta har ya gaji. Wallahi dabarar nan ta burge ni.

'Ya'yan suka murmure, ganyensu ya cika. Uwar ce ta ƙi tashi. Tukunyarta ce mafi girma, don haka ita aka fi yi wa alwala. Ya goge, ya wanke, ya hana ta ruwa, amma kullum sai ƙara kwantawa take. Wata ranar Asabar ya kira ni na kama masa muka juye tukunyar. Saiwar ta yi fari fat da ƙwaro, gindin ya ruɓe har yana wari. Ya daɗe yana juya ta a hannu. Sannan ya ce in aka bar ta, daga ita ƙwaron zai koma kan sauran, mu kuma masu inji mu rasa abin shafawa.

Akwai ƙananan tsiro a gefenta da ruɓar ba ta kai gare su ba. Ya ɓalle su a hankali, ya wanke, ya shanya a inuwa, ya ce sai sun bushe za a sa su a sabon yashi. Ya tara kwalaye a bayan katanga, ya ɗora uwar a kai. Da ya zaro ashana, tausayinsa ya kama ni, na ce, "Baba, ku kawo ni in kunna."

Bai ɗago kai ba.

"Bari, ɗana," in ji shi. "Mai ita ma ni na sa ta a kabari da hannuna. Wannan ba zan ba wani ba."